Daga teburin ofis zuwa filin ƙwallo: tsohuwar kwamfuta da sabon aikinta a Jega, Aliero da Maiyama

Wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a kusa da jami'ar Aliero, ko ya leƙa bayan kanta a banki, ya san wannan akwati ko da bai san sunansa ba. Baƙi ne, siriri, ana kwantar da shi a ɗora monita a kansa, a goshinsa an rubuta Dell OptiPlex, ko HP EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre. Kamfanoni a Turai da Amurka ke sayensa ɗaruruwa don ma'aikatansu, su yi aiki da shi 'yan shekaru, su fitar da shi a matsayin tsohon kaya. Daga nan sai ya bi jirgin ruwa ya sauka Legas, ya ratsa Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wani ya tsaya Titin Beirut a Kano, wani ya wuce Sakkwato ko Birnin Kebbi, har ya iso hannun mai shago a Jega da sunan tokumbo.

An ƙera shi ne don rubutu da lissafi da aika wasiƙa. Amma akwai wani rami guda a cikinsa da yawancin ofisoshi ba su taɓa amfani da shi ba, kuma wannan ramin ne ya sa matasa a ƙasashe da dama suka mayar da shi hanya mafi arha ta mallakar kwamfutar wasa. Ana cusa katin hoto a ramin, a ƙara ram, a canja ma'ajiya, sai akwatin da ya ƙare rayuwarsa ta farko yana buga takardar albashi ya fara buga ƙwallo tsakanin Barcelona da Real Madrid. Dabarar tana aiki. Sai dai bidiyoyin YouTube da ake koyonta a cikinsu an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma saƙon kaya ke zuwa har ƙofar gida. Mai son yin ta a tsakanin Jega da Aliero da Maiyama yana da nasa lissafin daban, kuma a ganina wuta da zafi ne ke yanke hukunci a nan kafin a zo batun sunan kati.

Dalilin da ya sa maganar ta dace da wannan yanki a fili yake. Aliero na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda aka kafa a 2006, cike da ɗaliban injiniya da na kimiyyar kwamfuta da ke buƙatar na'urar da za ta ɗauki AutoCAD da MATLAB da rubutun furojet. Jega mahaɗar hanyoyi ce, daga nan ake rabuwa zuwa Birnin Kebbi, ko Sakkwato ta Aliero da Tambuwal, ko Yawuri ta Maiyama da Koko, kuma kasuwarta ta yi suna tun ƙarni na 19. Akwai kuma kwalejin kiwon lafiya da ɗalibanta. Matashin da ya tara ɗan abin da ya samu daga albasa ko shinkafar rani yana fuskantar zaɓi: ya sayi PlayStation 4 na hannu wanda ba ya komai sai wasa, ko ya haɗa kwamfutar da za ta yi wasa da dare ta yi aiki da rana. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, sabuwar kwamfutar wasa ta fita daga hannun talaka gaba ɗaya. Tsohon akwatin ofis ne ya rage.

Sanin akwatin kafin a biya kuɗi

Kuskure na farko yana faruwa ne tun a kasuwa, domin suna ɗaya na zuwa da jiki uku. OptiPlex 7040, misali, akwai babba mai tsayi, akwai matsakaici siriri da ake rubuta wa SFF, akwai kuma ƙarami wanda bai fi littafi ba. Ƙaramin ya fi ɗaukar ido, ya fi sauƙin sakawa a jaka a hau kabu-kabu, amma ba shi da ramin katin hoto sam, don haka ya fita daga wannan magana. Babban ya fi sauƙin sha'ani don yana da fili. Siririn shi ne ya fi yawa a kasuwa, shi ne kuma mai wuyar hali.

Sai ƙwaƙwalwa, wato furosesa. Mai shago zai ce maka "Maigida, Core i5 ce," ya tsaya nan, alhali i5 iri-iri ce. Lambar da ke biye ita ce magana. i5-3470 ta 2012 ce, i5-4570 ta 2013, i5-6500 ta 2015, i5-8500 kuma ta 2018, wadda ke da ƙwayoyi shida maimakon huɗu. Lambar farko ita ke nuna zuriya. Zuriya ta uku da ta huɗu suna amfani da ram samfurin DDR3, na baya-bayan nan kuwa galibi DDR4, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Na fi son mutum ya ce a kunna a gabansa ya karanta lambar da idonsa a cikin Windows, domin takardar da ke manne a jikin akwati ana iya ɓare ta a manna wata.

Wannan taka-tsantsan yana da tushe. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Najeriya, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shigowa ƙasar a shekara a 2015 da 2016, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga tashar jirgin ruwa. Cikin waɗanda ke aiki ma akwai masu zuwa da kalmar sirri ta kamfanin da ya yi amfani da su a kulle a BIOS, akwai waɗanda ɗan batirin agogonsu ya mutu, kullum sai sun manta kwanan wata. Batirin abu ne mai arha, CR2032, irin na makullin mota. Kullen BIOS kuwa na iya cin yini guda a wurin mai gyara.

Kati, rami da wat

Masu ɗori na Aliero, waɗanda ake kawo musu karaya daga garuruwa masu nisa, ba sa jan ƙafa sai sun lalubi ƙashin sun san inda ya tsaya. Haka ya kamata mai wannan aiki ya yi da akwatinsa: ya buɗe murfin, ya duba ramin, ya auna filin da ke gefensa, ya karanta takardar da ke jikin fawa-fak, wato sashen da ke ba na'urar wuta, sannan ya yi maganar sayen kati.

Abu uku ne ke ɗaure hannunsa. Na farko tsawon fuska. Siririn akwati ba ya karɓar katin hoto na yau da kullum. Sai gajere, mai guntun ƙarfe a baya. Sau da yawa katin na zuwa da ƙarfe biyu a kwali, dogo da gajere, amma na hannu yakan iso da dogon kaɗai, sai a ga mutum yana lanƙwasa ƙarfe da filaya ko ya bar katin yana lilo a rami. Dole a tambayi mai sayarwa tun kafin ya kai saƙon tasha.

Na biyu kauri. A siraran OptiPlex irin 9020 da 7040, babban ramin yana manne da fawa-fak, ta yadda kati mai kaurin rami biyu ba zai zauna ba. Wasu kan mayar da shi ɗaya ramin mai ƙarancin layuka, ya yi aiki amma ya rasa wani abu na gudunsa. Siraran HP EliteDesk 800 sun fi yalwa ta wannan fuska, shi ya sa wanda bai riga ya sayi akwati ba zai yi kyau ya fara duba su.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne wuta. Fawa-fak ɗin waɗannan akwatuna yawanci tsakanin wat 180 ne da 255, kuma ba shi da ƙarin wayar da manyan katuna ke sha. Ramin kansa ba ya ba da fiye da wat 75. Ke nan duk katin da ke neman ƙarin waya ya fita. Wani zai ce a canja fawa-fak ɗin mana. Dell da HP sun toshe wannan hanya a yawancin samfuran: siffar tasu daban ce, bakin wayar da ke shiga madabod ma nasu ne na kansu, na kasuwa ba ya shiga sai da adafta, kuma ko ya shiga babu inda za a ajiye shi a cikin akwatin.

Abin da ya rage 'yan katuna ne ƙidayayyu. GT 1030 na 2017 yana cin wat 30 kacal, siriri ne, yana shiga ko'ina, ya isa tsofaffin wasannin ƙwallo da GTA V idan an rage ƙyalli. Amma iri biyu ne da suna ɗaya: mai GDDR5, da mai DDR4 wanda ya fito daga baya kuma gudunsa ya yi ƙasa ƙwarai. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 kowanne wat 75 ne da gigabait 4, su ne aka fi nema, sai dai gajerunsu galibi masu kauri ne. RX 6400 na AMD, na 2022, wat 53 yake ci kuma akwai siririnsa, don haka ya fi dacewa da Dell. Aibinsa shi ne an yi shi don sabon samfurin rami, a tsohon akwati yakan rage gudu a wasanni masu nauyi. RTX 3050 mai gigabait 6, na 2024, wat 70 ne kuma ya fi su duka ƙarfi, amma kuɗinsa na iya ninka na akwatin, kuma a kan furosesa ta 2013 ba zai nuna duk abin da yake da shi ba. Su GT 710 da GT 730 kuwa, waɗanda ake yawan tallatawa da "gigabait 2" ko "gigabait 4" a manyan haruffa, asarar kuɗi ne ga mai son wasa. Yawan gigabait ba shi ne ƙarfin kati ba.

Ga yadda lissafin yake a aikace. i5-6500 wat 65 ce. A ɗora mata kati mai 75, an kai 140. Madabod da ram da ma'ajiya da fanka su ci wajen 20 zuwa 30. An doshi 170 a kan fawa-fak mai 180 wanda ya riga ya yi shekara goma yana aiki. Mutane da yawa sun yi hakan ya zauna lafiya, amma a ƙasashe masu sanyi. A ɗakin kwano a Jega cikin watan Afrilu, ni zan zaɓi kati mai wat 53 in bar wa na'urar wurin numfashi.

Akwai kuma jabu. Kasuwannin intanet sun daɗe da cika da katunan da aka rubuta wa GTX 1050 Ti alhali a ciki tsohon GTS 450 ne na 2010 da aka sauya wa suna a ƙwaƙwalwarsa. Windows ma zai nuna sunan ƙaryar. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana tona yawancinsu, kuma ganin shuɗin bakin VGA a jikin katin da ake cewa 1050 Ti ne ya isa ya sa mutum ya mayar da kuɗinsa aljihu. Mai saye daga Aliero ko Maiyama ya fi kowa shiga haɗari a nan, don sau da yawa ba ya ganin kayan sai direba ya miƙo masa kwali a tasha, mai sayarwa kuma yana Kano ko Legas. Mafi ƙarancin abin da zai nema shi ne bidiyon katin yana aiki, da GPU-Z a buɗe, da alkawarin mayarwa cikin 'yan kwanaki.

Ram da ma'ajiya ba su da dogon bayani. Gigabait 8 shi ne ƙasa, 16 ya fi, kuma sanda biyu masu kama da juna sun fi sanda ɗaya babba gudu. Tsohon had-dis mai juyawa a sauke shi daga ɗaukar Windows a sa SSD. Wannan canji kaɗai yakan sa mai na'ura ya ji kamar sabuwa ya saya, kuma SSD ya fi jure girgizar hanya. Sai a tuna cewa bayan an sa kati, wayar monita a jikin katin ake soka ta. Mutane da yawa kan bar ta a tsohon bakin madabod, su yi ta mamakin abin da ya sa wasan bai canja ba.

Wutar Kebbi da zafinta

Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da Kebbi, tare da Kaduna da Sakkwato da Zamfara, wutar kuma tana zuwa ne ta babban layin da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi. A Satumbar 2023 gobara ta kama tashar Birnin Kebbi, yankin ya shiga duhu. A 2024 babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. Ɗaukewar wuta ma da sauƙi. Abin da ke kashe na'ura shi ne dawowarta da ƙarfi, ko zuwanta rabi-rabi, fitila na ja kamar garwashi. Fawa-fak ɗin siririn akwati idan ya ƙone, ba a shiga kowane shago a samu madadinsa, sai an nemo irinsa sak. Saboda haka sitabilaiza da UPS suna cikin kuɗin kwamfutar tun ranar farko. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, gara ya sayi ƙaramin kati ya haɗa da UPS da ya sayi babba ya soka kai tsaye a bango. Idan kuma akwatin tsoho ne sosai daga Amurka, a duba bayansa ko akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230. Namu 230 ne, kuskure a nan ƙara ɗaya ce da hayaƙi.

Amma a nan ne kuma wannan ƙaramin akwati ya fi manyan kwamfutocin wasa dacewa da mu. Babbar kwamfutar wasa tana iya shan wat 400 ko 500. Wannan, da monitarsa, bai cika wuce 200 ba ko ana tsakiyar wasa. Awa biyar ke nan a kan yunit ɗaya na wuta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta don wasa ya zama abin da uba ba zai lamunta ba, kuma yana da gaskiya. Sola kuwa tana ɗaukar wat 200 ba tare da wahala ba. Ga saurayin da ke Andarai ko Mungadi ko Sambawa a ƙaramar hukumar Maiyama, wanda gidansu ko shagonsa na cajin waya ya riga ya mallaki faranti da batir da inbata, wannan bambanci shi ne tsakanin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Sharaɗin shi ne inbatar ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta. Masu arhar nan da ke sa fanka gurnani suna wahalar da fawa-fak, haka ma ƙaramin janareta.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura digiri 40 a wannan yanki, siririn akwati kuma an tsara shi ne don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ba tare da wani kati mai fitar da nasa zafin a ciki ba. Idan furosesa ko kati ya yi zafi fiye da kima yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai wasan da ya fara sumul ya koma tsalle-tsalle bayan rabin awa. Maganin farko shi ne man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Na akwatin da ya shekara goma ya bushe ya zama kamar alli; a goge shi a sa sabo, ɗigo ɗaya. Na biyu, a tsayar da akwatin a inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a cusa shi cikin kabad ko a ɗora masa littattafai. Wasu kan cire murfin su juya masa fanka. Da bazara wannan na taimakawa, amma da hunturu ya shigo ƙura za ta cika shi cikin 'yan makonni, ta toshe ƙananan fankokin katin. A lokacin sai a mayar da murfi, a riƙa hure shi da bulowa a kai a kai, a riƙe fankar da yatsa yayin hurewa don kada ta yi gudun da ya wuce ƙarfinta, a kuma lulluɓe shi da zane idan an kashe.

Me zai iya bugawa?

Ƙwallo ce sarauniya a nan, kamar yadda gidajen kallo ke shaidawa duk daren Gasar Zakarun Turai. PES 2021 na Konami ya amince da i5-3470 a matsayin mafi ƙarancin furosesa, don haka tsofaffin akwatunan ma suna ɗaukarsa idan katin na kirki ne. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, yana gudu lafiya. Euro Truck Simulator 2 na 2012, wasan tuƙa tirela, ba ya neman abu mai yawa, kuma yaron da ya tashi yana ganin manyan motoci na ratsa Jega zuwa Yawuri ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. Inda iyaka take shi ne sababbin wasanni. EA Sports FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, ya sa GTX 1050 Ti da ram gigabait 8 a matsayin ƙasan ƙasa, yana kuma neman fili gigabait 100. Katin da ke cikin waɗanda aka fi nema wa siririn akwati shi ne matakin farko ga wasan. Zai buɗe, zai bugu idan an sauke komai ƙasa, amma wanda ya sa ran ganin abin da yake gani a PlayStation 5 zai ji haushi.

Gigabait 100 kuma a kan datar waya ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Wannan ne ke tura mutane wurin masu tura wasa a had-dis. A faɗi gaskiya, yawancin irin waɗannan kwafi an fasa su ne ba da izinin masu su ba, kuma sukan zo da ƙwayoyin cuta a ɓoye. Ɗalibin da furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe ke kan na'ura ɗaya da irin wannan kwafi yana wasa da guminsa. Akwai wasannin kyauta na halal, irin su eFootball, kuma kasuwar wasanni ta Steam kan yi rangwame mai yawa a kan tsofaffin wasanni.

Iyaye ma suna da ta cewa, kuma ban ɗauki damuwarsu da wasa ba. Inna da ta ga ɗanta ya kwana a gaban allo ya makara sallar asuba, ko Baba da ya ji ana sa kuɗi a kan wasa a shago, ba su yi laifi ba idan suka tsani akwatin. Caca caca ce ko a kan allo aka yi ta. Abin da zan roƙa shi ne a bambanta wasan da aikin da ya kai ga wasan. Yaron da ya buɗe na'ura, ya karanta wat a jikin fawa-fak, ya gane bambancin DDR3 da DDR4, ya sa Windows da hannunsa, ya riga ya koyi rabin abin da mai gyaran kwamfuta ke ci da shi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara nata a 2024 da masu zaman kansu. Ƙanne mata da maza a gidan da ke da wannan akwati za su shiga ɗakin jarrabawa hannunsu ya saba da madannai da linzami. Sharaɗin da uba zai gindaya na lokaci da sallah da karatu ya fi kulle na'urar a ɗaki amfani.

Wani abu ya faru da ya shafi wanda zai saya yanzu. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zuriya ta takwas. Ma'ana duk su i5-4570 da i5-6500 da i5-7500 an bar su a baya, kamfanonin waje kuma suna da dalilin fitar da su da yawa. Za su ci gaba da kunnuwa, za su buga wasa, wanda ya riga ya mallaka babu abin da zai sa ya jefar. Amma mai sabon saye da ke son na'urar ta kai shi ƙarshen karatu ya nemi OptiPlex 3060 ko 5060 ko 7060, ko EliteDesk 800 G4, masu i5-8500. Idan bambancin kuɗin ya yi masa yawa a yau, ya sayi akwatin da SSD da UPS ya fara aiki da su, katin ya jira kuɗin albasar baɗi.